Lissafin Yashi: Daga Gadar Jimeta Zuwa Bakin Teku

Wanda ya tsaya a kan gadar Jimeta cikin watan Maris, ya dawo ya tsaya a wurin cikin Satumba, zai rantse koguna biyu ya gani. Da rani Binuwai fili ne na farin yashi, ruwan ya rabu gida biyu ko uku yana lallaɓawa tsakanin tuddai, tifofi suna gangarawa har cikin kogin, injinan ban-ruwa suna ta ɓaɓatu a gefen gonakin shinkafa da kayan miya. Da damina kuwa ruwa ne ja wur daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafe da itatuwa da ciyayi, mutanen Rumde da Limawa da Jambutu suna kwana da ido ɗaya. In ruwan ya janye tuddan yashin sukan sake bayyana, sai dai ba a inda aka bar su ba. Masu kwalekwale ba sa bukatar a gaya musu: hanyar da suka bi bara, bana tudu ce, inda yara suka buga ƙwallo bara kuma, bana gwangwala ba ta taɓa ƙasa.

Amma duk hirar da ake yi kan kogin nan a Yola hirar ruwa ce. Kamaru ta buɗe madatsar Lagdo ko ba ta buɗe ba, ruwa ya kai ina, gidaje nawa suka tafi. Maganin da ake kawowa kuma bai wuce biyu ba: a yashe kogi, a gina madatsar Dasin Hausa. Ba kasafai ake tambayar abin da ruwan yake ɗauke da shi ba, alhali yashin da yake ja shi ke yanke hukuncin inda kogin zai zurfafa, inda zai cike, gonar wa zai ci, unguwar wa zai nufa. Akwai fannin ilimi guda da ba shi da aiki sai lissafin wannan tafiya ta yashi. Mafi yawan kuɗin da aka kashe wajen raya shi an kashe su ne a bakin teku, inda igiyar ruwa ke cinye gaɓoɓin birane masu tsada. Yola ba ta da teku, amma dokar da ke motsa ƙwayar yashi a Legas ita ce ke motsa ta a Bakin Kogi.

Ruwa mai gudu yana ɗaukar ƙasa ta hanya uku. Laka mai laushi ƙwarai takan gauraya da ruwan ta yi ta tafiya, ita ce ke ba shi jan launin nan, ba ta kwantawa sai ruwa ya bazu ya tsaya a fadama. Albarkar ƙasar fadamar Geriyo daga nan take. Rairayi kuma sai ruwa ya hautsine yake tashi, ya yi ɗan nisa ya sauka, ya sake tashi. Yashi mai kauri da tsakuwa ba sa barin gindin kogi, gangarawa suke yi suna tsalle-tsalle. A lokacin cikar ruwa ƙasan Binuwai ba shimfiɗaɗɗe ba ne, jerin tuddai ne masu rarrafe, ruwa na kwasar yashi daga bayan kowane tudu yana zubawa a gabansa. Wannan na ƙasan shi ke gina surar kogi, kuma shi ya fi wuyar aunawa, don ba a ganin sa.

Tun shekarun 1930 masana suka fara ɗaure wannan da lambobi. A 1935 Filip Hjulström na ƙasar Suwidin ya nuna wani abu da hankali bai tsammata ba: laka da ta kwanta ta daskare ta fi yashi wuyar tayarwa, domin ƙwayoyinta suna manne da juna. Wanda ya fi kowa sauƙin tashi shi ne yashi matsakaici, irin wanda bai kai rabin milimita ba, wato irin da ya cika Binuwai. Bayan shekara guda Albert Shields ya fitar a Balin da ma'aunin ƙarfin da ruwa ke bukata kafin ƙwaya ta motsa. Meyer-Peter da Müller sun kawo nasu lissafin a 1948, Hans Albert Einstein, ɗan shahararren masanin nan, ya kawo nasa a 1950, Engelund da Hansen na Danmak suka biyo a 1967. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe daga cikinsu guda ne. Yawan yashin da ruwa ke ja ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurin ruwan, tsere masa yake yi. A lissafin Engelund da Hansen, in saurin ruwa ya ninka sau biyu, yashin da zai ɗauka yakan ninka kamar sau 32. Ke nan kusan duk aikin da Binuwai ke yi wa kansa a shekara, cikin 'yan makonnin Agusta da Satumba yake yin sa. Sauran watannin zaman jira ne.

Sai dokar da komai ya rataya a kanta, wadda Felix Exner na Ostiriya ya rubuta a shekarun 1920. Ba ta fi ƙarfin mai shagon hatsi ba: a duba buhunan da suka shigo, a duba waɗanda suka fita, bambancin shi ne abin da ya ƙaru ko ya ragu a rumbu. A yanki kowane na kogi, in yashin da ya shigo ya fi wanda ya fita, gindin kogin zai ɗaga. In wanda ya fita ya fi, zai zurfafa, ko kuma ruwan ya biya kansa daga gaɓa. Yashi ba ya ɓata kuma ba ya faɗowa daga sama. Duk wanda ya tare shi a wani wuri ko ya kwashe shi, akwai wani a ƙasa da zai biya.

A kwanar kogi ma haka abin yake. Ruwan sama-sama yana bugun gaɓar waje, ya nutse, ya dawo ta ƙasa zuwa gaɓar ciki ɗauke da yashi. Waje na rushewa, ciki na tsirowa. Manoman bakin kogi sun san cewa ba ranar da ruwa ya fi cika gaɓa ta fi zubewa ba. Sai ya fara sauka, cikin Oktoba, lokacin da ƙasar ta sha ruwa ta yi nauyi kuma kogin da ke tokare da ita ya janye, sannan take faɗowa gunduwa-gunduwa.

A bakin teku, aikin da gangare ke yi wa kogi, igiyar ruwa ke yin sa. Igiyar da ke dukan gaɓar Afirka ta Yamma daga can kudancin Atilantika take tasowa, kuma ba ta isowa kai tsaye, a karkace take zuwa daga kudu maso yamma. In ta fashe sai ta tura yashi sama a karkace, ruwan kuma ya koma teku a miƙe. Kowace igiya ta matsar da ƙwaya ɗan taƙi zuwa gabas, kuma igiya ba ta hutun dare. Jimillar abin shi ne wani kogin yashi da ido ba ya gani, mai bin gaɓa daga wajen Gana ya ratsa Togo da Binin ya shigo Nijeriya, yana jan ɗaruruwan dubban kubik mita a shekara. Akwai kuma kai-komo tsakanin tudu da zurfi: guguwa takan kwashe yashin gaɓa ta jibge shi can cikin ruwa, kwanakin natsuwa su dawo da shi sannu a hankali. A kan wannan duka sai cikowar teku da janyewarta, sau biyu a yini, bisa jan wata da rana. A Legas bambancin bai fi kamar mita ɗaya ba, a mashigin Fundy na Kanada yakan kai mita 16. Cikowar nan ce ke sauya wurin da igiya za ta fashe daga sa'a zuwa sa'a, ita ce kuma ke tura yashi ciki da wajen bakin koguna. In ruwan shigowa ya fi na fita sauri ko da kaɗan ne, dokar ninkin nan za ta sa bakin kogin ya yi ta cikewa.

Babu inda Nijeriya ta ga haka kamar Legas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Bukata ta biya. Amma katangun sun datse kogin yashin nan mai zuwa daga yamma. Ta yamma gaɓa ta yi ta faɗaɗa, ta gabas kuwa, wato Bar Beach, igiya ta ci gaba da kwasa ba mai mayarwa, har teku ta ci fiye da kilomita guda. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka yi ta zuba yashi, teku na kwashewa, a sake ba da kwangila. A farkon ƙarnin nan ruwan gishiri yana hawowa kan titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Aikin Eko Atlantic ne ya rufe wannan babi da cike teku da yashi da katanga mai tsawon fiye da kilomita takwas, wadda aka gwada ƙaramin samfurinta a kwamin gwaji na cibiyar DHI a Danmak kafin a gina. Sai dai igiyar ba ta daina jan yashi gabas ba, mazauna gaɓar da ke gaba, wajen Alpha Beach, su ma sun yi kukan zaizaya, gwamnatin jihar ta bi su da jerin katangun tare yashi. Lome ta sha irin wannan bayan gina tasharta a shekarun 1960. Garin Keta na Gana kuma, wanda dama teku ke ci, abin ya ƙara yi masa muni bayan madatsar Akosombo ta 1965 ta riƙe yashin da kogin Bolta ke kaiwa bakin teku.

A Legas ba wanda ya yi mugunta. An magance matsala ɗaya, ba a bi sawun yashin ba. Samfurin lissafi don amsa wannan tambayar aka ƙirƙire shi: in na taɓa nan, ina abin zai ɓulla?

Samfuran farko da hannu aka gina su. A 1885 Osborne Reynolds ya gina ɗan ƙaramin kwaikwayon bakin kogin Mersey a Ingila, ya riƙa cika shi da ruwa yana janyewa, sai ga tuddan yashi sun fito masu kama da na gaske. Injiniyoyin sojan Amurka sun kai abin ƙarshe da kwaikwayon kwarin Misisipi baki ɗaya a fili mai faɗin eka 200, wanda aka fara a 1943. Matsalar irin wannan ita ce ana iya rage kogi sau ɗari, amma ba a iya rage ƙwayar yashi sau ɗari, domin in ta ƙanƙance haka ta zama laka, halinta ya sauya. Sai a yi dabara da niƙaƙƙen gawayi ko ƙwayoyin roba. A 1956 Bafaranshe Pelnard-Considère ya kawo sauƙi: a ɗauki gaɓa a matsayin layi ɗaya tak, a lissafta yadda zai matsa gaba ko baya bisa kusurwar igiya. Lissafi ne na takarda da fensir, amma da an yi wa Legas shi tun farko, da ya nuna ɓangaren da zai ƙaru da wanda zai rame.

Na yau a kwamfuta suke. Ana yanka teku ko kogi gida-gida, dubbai ko miliyoyi. Kowane gida a ba shi zurfinsa da girman yashinsa. A bakin iyaka a gaya wa na'ura ruwan da ke shigowa, ko igiya da cikowar teku. Sai ta lissafta saurin ruwa a kowane gida, daga nan ta fitar da yashin da zai motsa, ta bi dokar Exner ta ɗaga ko ta sauke gindin kowane gida, sannan ta koma farko, domin sabon gindin ya riga ya sauya tafiyar ruwan. Haka za ta yi ta zagayawa har ta cika wata ko shekara goma. Delft3D na cibiyar Deltares ta Holan, MIKE na DHI, XBeach na lissafin ɓarnar guguwa, da HEC-RAS na injiniyoyin sojan Amurka, wanda kyauta ake saukewa kuma ɗaliban injiniya a jami'o'inmu sun san shi, duk a kan wannan zagaye suka ginu.

Hoton da suke fitarwa yana da kyau, shuɗi da ja da kibiyoyi, irin da ke sa kwamishina ya gyaɗa kai. A nan ya kamata a yi hattara. Lissafin ruwa ya nuna, ana iya faɗin tsayin ambaliya da kuskure kaɗan in bayanan suna da kyau. Lissafin yashi kuwa, in ya zo tsakanin rabin gaskiya da ninkinta, masu sana'ar suna cewa an yi ƙoƙari. Dabaru biyu da ake girmamawa sukan ba da amsoshi masu nisa da juna a kan kogi ɗaya. Ga shi kuma kuskuren yau yana haifar da na gobe, tunda kowane zagaye a kan na baya yake hawa. Shi ya sa ba a yarda da samfuri sai an jarraba shi da abin da ya riga ya faru: a ba shi surar kogi ta wata shekara da ruwan da ya wuce, a ga ko zai fitar da surar da aka auna bayan nan. In bai iya faɗin jiya ba, ba shi da bakin faɗin gobe.

Mutanen Holan sun nuna yadda ake yi. A 2011 suka jibge kubik mita miliyan 21.5 na yashi a wuri ɗaya kudu da birnin Heg, suka bar igiya da iska su rarraba shi a gaɓa cikin kimanin shekaru 20, maimakon a yi ta zubawa duk bayan 'yan shekaru. Samfuri ne ya ba su ƙarfin gwiwa. Amma ba su tafi gida ba, suka kafa kyamarori, suka riƙa auna wurin a kai a kai, suka ga cewa mafi yawan yashin da ya motsa a shekarar farko cikin 'yan kwanakin guguwa ya motsa, suka koma suka gyara lissafinsu. A ɗaya gefen kuma, a 2020 wani nazari ya yi ta yawo a jaridun duniya cewa kusan rabin gaɓoɓin yashi na iya ɓacewa kafin 2100. Cikin shekarar wasu masana suka mayar da martani cewa lissafin ya dogara da dokar Bruun ta 1962, mai sauƙaƙa al'amari fiye da kima, kuma gaɓar da ba a tokare ta da gini ba matsawa baya take yi, ba ɓacewa ba. Lamba mai ban tsoro ba ta fi zaton da aka gina ta a kai ƙarfi ba.

Binuwai ba baƙon irin wannan bincike ba ne. Yashinsa ya daɗe yana tsara rayuwar Yola. Matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ƙetare shi a Yunin 1851 a mahaɗarsa da kogin Faro, kwana biyu kafin ya shiga Yola. Sojojin Ingila da suka ci garin a farkon Satumban 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu, ta ruwa suka zo, kuma ba za su iya zuwa a watan Maris ba. Jimeta kanta tashar jirgi ce ta raya ta. Jiragen kamfanoni sukan taso daga Burutu da Warri su hau har Yola da Garwa cikin 'yan watannin cikar ruwa, su kwashi gyaɗa da auduga su yi sauri su sauka kafin tuddai su rufe hanya. Don a tsawaita wannan lokaci ne aka ɗauko kamfanin NEDECO na Holan a shekarun 1950. Suka bi Neja da Binuwai da jiragen awo, suna auna zurfi da saurin ruwa da yashin gindi, suka buga rahotonsu a 1959. Har yau mai binciken yashin kogunan nan sai ya koma gare shi. Abin alfahari ne ga masu aikin, abin kunya ne gare mu, domin kogin da suka auna ba shi ne na yanzu ba.

Abin da ya shiga tsakani shi ne Lagdo, wadda aka gina daga 1977 zuwa 1982, kimanin kilomita 50 sama da Garwa. Madatsa abu biyu take yi wa yashi. Na ɗaya, tana riƙe shi: ruwa in ya shiga tafki ya lafa, kaya mai nauyi ya zube, abin da ke fita ta ƙofofin ruwa ne mai yunwa, wanda zai ci gindin kogi da gaɓa har ya ƙoshi. Na biyu, tana sauya lokacin ruwa: ta rage tsinin cikar damina a yawancin shekaru, ta ƙara ruwan rani. Ga Yola na biyun ya fi muhimmanci, saboda Faro. Shi ƙasa da Lagdo yake shigowa, dab da iyaka, yana gangarowa daga tsaunukan Adamawa da yashi mai yawa, kuma ba madatsa a bakinsa. Ke nan yashi bai daina isowa ba, amma an rage wa uban kogin ƙarfin da yake share shi da shi a shekarun da aka saba. Dokar ninkin nan ta ce ragin ƙarfi kaɗan ragin kwasa ne mai yawa. Nazarin da S. M. Toro ya buga a 1997 kan tasirin Lagdo a ɓangaren Nijeriya ya ambaci cikewar gindin kogin. A ƙara da ƙasar da ke zubowa daga gonaki da dazuzzukan da aka sare a kan ƙananan rafuka. Tafkin Njuwa, da ake taruwa bikin kamun kifi a kansa, cikewa ce ta rage shi.

Sai kuma shekarun da ruwa ya fi ƙarfin kowa, 2012 da 2022, lokacin da Lagdo ta cika aka saki ruwa a kan kogin da rafukansa sun riga sun tumbatsa. A 2012 an ƙirga mutum 363 da suka rasu a faɗin ƙasa, a 2022 sun haura 600. Ruwan irin wannan shekara yana tarar da hanya ta ƙuntata, an kuma yi gini a fadamun da a da yake bazuwa. Yashin da zai motsa cikin mako biyu kuwa zai iya fin na shekaru da yawa.

To, a yashe kogin mana? Kiran yana da daɗin ji, kuma ba shirme ba ne gaba ɗaya. Amma a ɗan yi lissafi. A ɗauka an haƙa hanya mai faɗin mita 100, zurfin mita biyu, tsawon kilomita 10 a gaban Jimeta. Kubik mita miliyan biyu ke nan, lodin tifa mai ɗaukar kubik goma har sau 200,000. Ambaliya mai gudun kubik mita 5,000 a daƙiƙa za ta cika wannan rami cikin ƙasa da minti bakwai. Don haka rami ba ma'ajiyar ruwa ba ne. Amfaninsa, in akwai, shi ne ya sa ruwa ya wuce da sauri, wannan kuma ya dogara da abin da ke ƙasa: in kogin ya ƙuntata a gaba, ko Gongola ya tokare shi a Numan, ruwan zai taru ya dawo da baya ko an haƙa ko ba a haƙa ba. In kuwa ya wuce da sauri, mutanen ƙasa ne za su karɓe shi. Sannan ramin kansa tarkon yashi ne, ruwa na shiga ya lafa ya sauke kaya. An ga haka a aikin yashe Neja daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, da aka ƙaddamar a 2009 zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa: hanyar da aka haƙa a kogin yashi sai an yi ta bin ta da gyara, in ba haka ba ta koma gidan jiya. Yasa mai amfani ita ce ta wuri takamaimai, bakin bututun jan ruwan sha, ko tudun da ke karkata ruwa zuwa wata unguwa. Gano wannan wuri da sanin damina nawa haƙar za ta yi kafin ta cike, aikin samfuri ne tsantsa.

Akwai ma yasar da ake yi kullum ba tare da kwangila ba. Kowane bulo da aka buga a Jimeta da Yola da Girei, yashin kogi ne ko na rafukansa. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na cin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a shekara, babu abin da ake ɗiba fiye da shi sai ruwa. Ba na cikin masu cewa a kori masu ɗiban yashi. Abinci ne ga dubban matasa, kuma a kogin da ke cikewa, kwasar saman tudu da rani na iya zama taimako. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin ɗiba da yawansa. Rami mai zurfi a hanyar ruwa yana cin baya, bakinsa na sama ya yi ta rushewa yana hawa kogi, ta ƙasa kuma ya saki ruwa mai yunwa. In wannan ya iso ƙafar gada, labari ya sha bamban. A Maris na 2001 gadar Hintze Ribeiro a Fotugal ta rufta cikin kogin Douro da motoci a kanta, mutum 59 suka mutu, kuma ɗiban yashi na shekaru kusa da ita yana cikin dalilan da bincike ya ambata. Gadar Jimeta ita ce igiyar da ta ɗaure babban birnin jihar da Girei da Song da Mubi. Sanin tazarar da ya kamata tifa ta tsaya daga ƙafafunta bai kamata ya zama na ƙiyasi ba.

Dasin Hausa, a Ƙaramar Hukumar Fufore, da ake ta maganarta tun shekarun 1980, ita ma tambayar yashi na jiranta. Tana ƙasa da mahaɗar Faro, ke nan duk kayan da Faro ke kawowa a tafkinta zai zube. Shekara nawa za ta yi kafin ya ci wurin ajiyar ruwan? Ruwa mai yunwar da za ta saki, gaɓar wa zai fara ci, tunda Yola ce ke ƙasanta kai tsaye? Lakar da ke sabunta fadamun Geriyo da na Numan fa? Mai son madatsar ya fi kowa bukatar amsoshin nan kafin a zuba siminti.

Abin da ya rage mana ba manhaja ba ce. Akwai ta kyauta, kuma akwai masu iya sarrafa ta a Jami'ar Modibbo Adama. Hotunan tauraron ɗan'adam ma kyauta ne: na Landsat sun koma har 1972, shekaru goma kafin a gama Lagdo, na Sentinel-2 kuma tun 2015 suna nuna abu mai faɗin mita 10, duk bayan 'yan kwanaki. Da irinsu ne masu bincike suka auna gaɓoɓin duniya a 2018, suka tarar kusan kashi 24 cikin ɗari na gaɓoɓin yashi suna ja da baya fiye da rabin mita a shekara. Ɗalibi ɗaya mai haƙuri zai iya jera surar Binuwai daga Dasin zuwa Numan shekara bayan shekara, ya nuna gaɓar da ke gudu da saurin gudunta. Abin da tauraro ba ya gani shi ne zurfi da abin da ke rarrafe a gindi. Wannan sai an shiga kwalekwale da na'urar auna zurfi, a bi layuka tsayayyu daga gaɓa zuwa gaɓa, kafin damina da bayanta, a ɗebo yashi a tace a auna, a ɗauki ruwa a kwalba ranar da ya fi cika, a kuma ƙirga tifofin da ke fita daga kowace mashiga. Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama a Yola hedikwatarta take, NIHSA na da alhakin awon ruwa, NIWA na da ikon hanyoyin ruwa da izinin haƙa. Kuɗin irin wannan awo na shekara biyar ba zai kai na kilomita guda na yasa ba, sai dai aiki ne da ba a yanka masa ƙyalle, ba a kuma kafa masa allo a bakin titi. In an tashi, masu kwalekwalen Bakin Kogi su ya kamata a fara ɗauka, don su ne za su nuna wa mai na'ura inda hanyar ruwa ta bi a 2012 da inda ta koma bayan 2022.